Irin da Baffa Ya Ce a Surfa

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma karo na uku ke nan da ya riske ni a irin wannan zafi. Na biyun na yi shi da ƙarfina, ina da 'ya'ya masu taya ni noma. Na ukun ga shi ina yi a kan tabarma, ana juyo mini fanka kamar majinyaci. Na farkon kuwa ban cika son zancensa ba, da ba don Bilkisu ta tono shi ba.

Bilkisu jikata ce, ko in ce amaryata, duk da kullum cewa take na yi mata tsufa, ba za ta tare ba. Tana aiki a laburaren jami'a a Kano, a sashen da ke taimaka wa masu bincike su nemo tsofaffin takardu. Juma'ar da ta wuce ta zo Kiru shan ruwa, ta ce suna shirya taro bayan Sallah, za su baje kolin takardun shekarun yunwa, har sun fitar da sanarwa. Ta nuna mini hoton wata takarda da wani Bature mai rangadi ya rubuta da Turanci a kan yankinmu, ta fassara mini. Wai a shekarar wancan azumin na farko mutanen Kiru har zuwa Tudun Wada sun cinye irin shukarsu saboda rashin tunani, suka naɗe hannu suna jiran a kawo musu wani.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na tambaye ta ko mai takardar nan ya taɓa wuni da yunwa ko sau ɗaya. Ta yi dariya, ta ce ai shi ya sa ta zo, so take in je taron in faɗi nawa. Na ce mata ƙafata ba ta hawa benenku, amma hannuna bai mutu ba. To ga shi na rubuta. A ajiye wannan kusa da waccan, wanda ya karanta ɗaya ya karanta ɗayar.

Ina ɗan shekara ashirin lokacin, ko da ɗan ɗoriya, cikin shekarun nan na hamsin, Turawa ba su kai ga tafiya ba. Ƙauyenmu yana kudu da Kiru, tafiyar rabin wuni a ƙafa. Daminar da ta gabata yaudarar mu ta yi. Ta fara da kyau, sai ruwa ya ɗauke cak daidai lokacin da dawa ta yi ciki. Gero mun ɗan tsira da shi, dawa kuwa yawancinta kara muka sare. A kakar nan mahaifina ya rasu, gandu ya koma hannun ƙaninsa, Baffa. Mu goma sha ɗaya muke ci a tukunya ɗaya: Baffa da iyalinsa, Inna mahaifiyata, sai ni da matata Asabe da 'yarmu mai wata bakwai.

Kafin a ga watan azumi babban rumbu ya zama ɗakin ɓeraye, su ma ba su daɗe ba suka yi ƙaura. Samari da yawa sun tafi Riruwai haƙar kuza. Fulanin da muke ba dusa su ba mu nono sun kora shanunsu wajen duwatsun Doguwa. Rijiyar unguwa ta ƙafe. Mata kan yi sammako su tafi rafi, su tona rairayi har iya kafaɗa, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo, sannan su riƙa kwasa da ludayi. Kafin tulu ɗaya ya cika hantsi ya dubi mutum. Da azahar ko kaji ba sa motsi, suna gindin rumbu baki a buɗe. Miyau kan ƙafe har harshe ya manne a sama. Da la'asar gabas ta haɗa hadari baƙi ƙirin, mu fito ƙofar gida muna kallo, sai iska ta taso ta watsa shi, mu koma ciki.

Abin shan ruwanmu garin ɗorawa ne a dama da ruwa. Bayansa ganyen yaɗiya ko zogale, a dafa da 'yar kanwa, in an dace a barbaɗa dusa. Sahur kuwa abin da ya rage ne, in ya rage. Asabe ba ta azumi saboda shayarwa, amma bambancinta da mu bai wuce ruwan da take kurɓa da rana ba.

A bayan ɗakin Baffa akwai wani ɗan ƙaramin rumbu da ko yara sun san ba a jingina da shi. Nan iri yake. Kowace kaka maigida da kansa ke shiga gona kafin girbi, ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, a ɗaure ta daban, a barbaɗe da toka saboda ƙwari, a liƙe bakin rumbun da laka. Ba a buɗewa sai ranar da ruwan shuka ya sauka, kuma maigida ne kaɗai mai buɗewa. Na wannan shekarar mahaifina ne ya zaɓe shi, kwanaki kaɗan kafin ya kwanta ciwon ajali. Yanzu a leda ake sayo iri a shago, in bai fito ba a koma a yi rigima da mai shagon. A lokacin kuwa in irin gidanku ya ƙare, kun tashi daga manoma.

Wata ranar kasuwa aka ƙunso wa Baffa kanwa daga Bebeji a cikin yagen jarida. Ni kuwa rani biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, Baffa kuma ya sha yi mini ba'a, wai gemu ya fara tsirowa ina ɓata yammacina da baƙaƙen Nasara. Don in nuna masa ba a banza nake zuwa ba, na warware takardar a zaure, gaban mutane, na karanta ina jan kalmomi ɗaya-ɗaya. Abin da ke ciki shi ne hukuma za ta raba irin shuka ga manoman da suka rasa. Ni da bakina na karanta, ina ta jin daɗi dattawa sun yi tsit suna saurarona. Har gobe ina jin kunyar wannan alfaharin.

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Kwana biyu a tsakani aka fara jin turmi a gidajen da suka yi wata ba a daka komai ba. Mutane sun buɗe rumbunan irinsu. Baffa ya daure kwana huɗu yana shaƙar ƙamshin kunun maƙwabta, a na biyar ya ce gobe za a buɗe namu.

Ni kuwa tun ranar wani abu yake damuna. Saman takardar a yage yake, babu rana, babu wata, babu sunan gari. Malamin ajinmu ya taɓa gaya mana akwai ɗakin karatu a garin hakimi inda ake ajiye jaridu. Da aka idar da asuba na soka yagen a hula na kama hanya, da azumi a bakina.

Bilkisu ta ce yanzu da ta danna na'ura takardar da take nema ta fito, ko tashi ba ta yi. Ni na isa rana tsaka, ƙafafuna sun yi bororo. Ɗakin karatun ɗaki ne guda, da benci biyu da kabad, da wani malami yana gyangyaɗin azumi. Allah ya jiƙan mutumin nan, ban ma san sunansa ba. Bai kore ni ba, bai raina kayan jikina ba. Ya dubi yagen, ya juya bayansa, ya ga hoton rabin saniya da garma, ya ce da wannan za mu neme ta. Ya sauko da jaridu ɗauri-ɗauri, kowane an ɗaure shi da igiya, muka riƙa buɗewa muna neman saniya. Mun gama na shekarar ba mu gan ta ba, muka shiga na bara, nan ma babu. A na bara waccan muka same ta, ga ta nan da kanta da ƙahonta. Malamin ya ɗora yatsa a saman shafin ya sa na karanta da kaina. Labarin ya shekara biyu, kuma a kan wani lardi ne mai nisa da ambaliya ta ci. Na tambaye shi ko sababbin jaridun sun ce wani abu a kan iri. Ya duba mini su duka, ya girgiza kai.

Na iso gida dab da shan ruwa. Tun daga ƙofa na ga ƙaiƙayi a tsakar gida. An buɗe rumbun, mata sun sussuke sun sheƙe, ga gero ƙwarya biyu, dawa ɗaya, an rufe da faifai. Saura surfe da safe, kuma hatsi in ya sha ruwan surfe ya daina zama iri. Na jira Baffa ya sha ruwa, na durƙusa na gaya masa abin da na gani. Ya saurare ni har na gama.

"Tanko," in ji shi, "rannan kai ka ce takarda ta ce za a kawo. Yau kuma ka ce takarda ta ce ba za a kawo ba. Wacce zan bi? Ni abin da idona ke gani nake bi. Je ka ka dubi 'yarka."

Na je na duba. Tana kwance a cinyar uwarta, tana kuka amma muryar ba ta fita. Baffa ba mugu ba ne, wannan a rubuta shi da kyau. Don 'yata ya buɗe rumbun nan, ba don cikinsa ba. Amma ni ma na iya dubawa. Ƙwarya uku a bakin mutum goma sha ɗaya kunun kwana biyar ne, in an tsinka shi sosai shida. Bayan nan ba kunu, ba iri, ba damina.

Inna ce ta kira ni ɗakinta. Ita ba 'yar yankinmu ba ce, daga arewa aka auro ta, wajen Kazaure, kuma shekara talatin matan unguwa suna tsokanar ta da maganar garinsu ba ta daina ba. Ta ce a can, inda ruwa ke makara, ba sa jiran sa. Binne suke yi, su shuka iri a busasshiyar ƙasa su rufe, ya kwanta har ranar da ruwa ya same shi. A wajenmu ba mai yin haka. Ruwanmu ya saba zuwa da wuri, ƙasarmu kuma ja ce mai tauri, binne a ganinmu aikin mutanen yashi ne da ba su da haƙuri. Amma gonar gandu tana da jigawa a gefen rafi. Inna ba ta ɓoye mini haɗarinsa ba. In yayyafi ya jiƙa iri ya tsiro, rana ta biyo baya, an yi asara gaba ɗaya. Ga gara, ga zabi, ga kurciya. Ta ce duk da haka abin da ke cikin ƙasa ba mai iya surfa shi.

Ba sata na yi ba, kuma ba a ɓoye na yi ba. Da gari ya waye, Baffa yana zaune a ƙofar zaure da carbinsa, na ɗauko sungumin mahaifina. Inna ta cakuɗa irin da toka ta ɗauki ƙwarya biyu, ɗaya a kai ɗaya a hannu. Ta ukun tana ƙasa. Ban ce wa Asabe komai ba, ban ma iya kallon ta ba. Ta goya 'yar, ta gyara majanyi, ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar ta aza a kai. Muka bi ta gaban Baffa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ina zuwa da abincin mutane?"

"Gona, Baffa. Iri ne."

"Wa ya ba ka izini?"

"Ba wanda ya ba ni."

Na zaci zai tashi ya mare ni, da kuwa na tsaya ya mara. Bai tashi ba. Ya dubi Inna, matar wansa, ya dubi goyon da ke bayan Asabe, ya kawar da kai. Daga ranar ya daina amsa gaisuwata.

Kwana biyu muka yi. Ni ina gaba ina sara da sungumi, Inna da Asabe suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Inna ta ce in nitsa saran ya fi na kullum zurfi, kuma a take shi da kyau. Yashin yana ƙona ƙafa kamar tokar murhu. Mutane suka fito bakin gona kallo, wasu na dariya, wasu na salati. Wani dattijo ya ce takarda ce ta taɓa mini kai. Wani ya ce in ina da hatsin zubarwa in zuba a gidansa. Na ci gaba da sarana. Abin da ya rage ranar farko Inna ta kwana da shi a ƙarƙashin gadonta, ta san Baffa ba zai shiga ɗakin matar wansa ba. Kashegari da la'asar muka kife ƙorai, ba ko ƙwaya.

Sai jira. Kullum ina gona tun safe ina koran zabi da kurciya, ina kallon gabas. A gida ba mai yi mini magana sai Inna. Yaran Baffa in sun gan ni sai su sunkuyar da kai, sun san kununsu na kai gona. A rana ta biyar aka yi yayyafi, ɗan kaɗan, wanda ya tayar da ƙamshin ƙasa kawai ya wuce. Mutane na murna ni ina tsoron kada irin ya tsiro. Na bi ramuka ina tonawa da yatsa. Laimar ta tsaya a sama, ba ta kai ga irin ba, yana nan a bushe cikin tokarsa. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban san ko na murna ba ne ko na tsoro.

A rana ta tara 'yar ta rasu, da hantsi, a bayan uwarta, a hanyar dawowa daga rafi. 'Yar fari ce, saboda haka ko sau ɗaya ban kira sunanta da bakina ba, ko ɗaukar ta a gaban mutane ban taɓa yi ba, kunya ta hana. Yau na rubuta shi: Ladidi. Baffa ne ya ɗauke ta a hannunsa zuwa maƙabarta. Ban sani ba ko kunun kwana biyar zai riƙe ta, ba wanda ya sani sai Allah. Shekara sittin da wani abu ina juya wannan tambayar, kuma ba ta tsufa kamar yadda na tsufa ba.

Ruwa ya sauka a rana ta goma sha biyu, bayan la'asar. Wannan karon iska ba ta watsa shi ba. Ya zo da ƙarfi har rafi ya kawo, yara suka fita tsirara, manya suka kafa tukwane a bakin indararo suna jiran magariba. Ni ina gona ya same ni, ban gudu ba. Da azumi a bakina ruwa yana bin fuskata, na datse leɓe don kada ya shiga. Kwana uku bayan nan jigawar ta yi kore layi-layi, tun daga rafi har gindin ɗorawa.

A ranar da ya kamata kowa ya fita shuka, rabin unguwa ba su da abin shukawa. Wasu suka tafi garin hakimi jiran rabo, suka kwana biyu suka dawo da buhunansu a naɗe. Ba sakarai ba ne, kada wani ya kira su haka a gabana. Mutane ne da suka yi wata biyu suna kallon 'ya'yansu suna ramewa, aka kawo musu labari mai daɗi suka yarda, kuma ni na karanta musu shi. Ba su naɗe hannu ba. Wasu sun taka har Tudun Wada neman mudu guda wajen dangi. Saura kuma, da dawarmu ta kai cira, suka zo da kwanduna, har da dattijon da ya ce takarda ta taɓa mini kai. Inna da ma ta sa an zuba iri da ɗan yawa a kowane rami. Abin da muka cire suka kwasa suka je suka dasa. Dashen bai yi kamar shuka ba, amma ya yi, unguwarmu ba ta watse ba.

A cikin kwanakin cirar nan ne, bayan Sallah, Baffa ya tako gonar karo na farko. Ya tsaya a kan kunyar gona yana kallon geron da ya kai gwiwa. Na ajiye fartanya na je na durƙusa na gaishe shi. Wannan karon ya amsa. Sannan ya yi mini tambayar da na san tana zuwa, ba da faɗa ba.

"Tanko, tsakaninka da Allah. Da ka san yarinyar nan za ta tafi, da ka ɗauki irin nan?"

Ba ni na amsa masa ba. Inna da Asabe suna kusa da mu suna cira. Asabe ba ta taɓa yi wa Baffa magana ba ban da gaisuwa, ko haɗa ido da shi ba ta yi, surukinta ne. Ta durƙusa a inda take, ta juya masa gefe, ta dubi Inna.

"Inna, ki gaya wa Baffa ba ɗanki ne ya ɗauka ba. Ni na ɗauki ƙwaryar, da yarinyar a bayana, ina jin yadda numfashinta yake." Ta share fuska da bakin zane. "Ki gaya masa da za a sake, zan sake ɗauka."

Inna ba ta maimaita ba, don ya ji. Asabe ta miƙe ta koma kan layinta ta ci gaba da cira. Baffa ya tsaya har ta kai ƙarshen kunyar, sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya sunkuya ya kama layin da ke kusa da nata.